Tagar Leƙe

Sai da aka sallame la'asar muka bar Karantina,
ni da Kaka Tanimu,
riyal dubu bakwai a ƙulle cikin jakata,
gumin ɗinki da ƙunshi na shekara biyu.
Ya ce rakiya kawai zai yi, ba zai tofa ba.
Na san shi.

Shekara talatin ya yi yana ɗaukar alhazai
a bakin tekun Jidda,
da tsohuwar kyamara mai madubi a ciki,
wadda ke tari duk sanda aka danna ta.

Ubaid mai kanti ya jera uku a kan gilashi,
yana karanto lambobi kamar mai rabon gado:
wannan ɗigo miliyan biyu, waccan uku da rabi,
ta ƙarshe biyar da ɗoriya.
Kaka ya ɗaga hannu: "Ajiye kwalin.
Ba a ɗanɗana miya da kunne."

Ya kafa ido a tagar leƙe,
ya murza ɗan ƙarfen da ke gefenta
har rubutun ciki ya daina iyo.
"Fara da nan, Sundus.
Da yawa sun zagi gilashi
alhali idonsu ne bai zauna ba.

"Kuma sunanta ne taga.
A tawa ta da, haske da ƙafarsa yake shigowa.
Wannan ɗan aike ne: ya gano, ya dawo ya faɗa miki.
To, ɗan aike abu biyu ake aunawa,
ko yana sauri, ko yana ƙari."

Ya fita da ta farko bakin titi.
Yaro ya wuce da amalanken lemo,
Kaka ya bi shi da ita, ya yi tsaki.
"Lemon ya zama jela.
Kafin ta ce miki yaro ya yi dariya
ya rufe baki ya sha kwana."

Ta biyu ya ɗaga ta sama,
ga tsofaffin tagogin katako na Balad,
saƙarsu ta hau rawa, launi na malala
kamar mai a kan ruwa.
Ya sauke ta kan wani ɗan dako cikin farar riga.
Riga ta ƙone fat, fuska ta zama rami.
"Ungo, duba. Ina idonsa? Ina gumin goshinsa?
Wadda ba ta ga fuska irin tamu ba
me za ta je yi bikin gidanmu?"

Kafin ta uku an kira magariba.
Ubaid ya ja ƙofa rabi, muka tsaya a lungu,
inda fitila ɗaya ke kyaftawa.
Da tabarau a idonsa ya ƙirga kusurwa huɗu,
duk suna nan.
Ya nemi tururuwar da ke cika duhu,
ya sami kaɗan, suna kwance.
Ya danna, bai ga an rufe masa ido ba.

Sai ya juyo da ita kaina.

"Wannan tana ƙari," in ji shi.
"Ta zuba hasken da babu shi a lungun nan."
Na ce to mu bar ta.
Bai amsa ba. Bai kuma sauke ta ba.
Liman ya kai ƙarshen Fatiha,
mage ta ratsa tsakaninmu,
hannunsa na ɗan rawa a jikin ƙarfen.

"Tabon haɓarki yana nan ashe.
Rabona da shi tun yana ta rufe min ido,
shekara huɗu ke nan."

Da aka buɗe kanti ni na yi cinikin.
Ɗari takwas suka gaza,
na bar wa Ubaid lambata da awarwarona.
A mota Kaka ne ya rungume kwalin,
yana cewa ba ruwansa,
shi rakiya ya zo.